Sunan Ƙarshe a Jerin Masunta

Yelwa, 4 ga Maris, 1990

Yaya Basiru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Sakkwato? Inna na gaishe ka.

Yaya, ina cikin tsaka mai wuya. Kwamfutar nan da aka kawo ofishin ƙungiyar masunta tana neman raba ni da aikina. Sau uku ina buga jerin waɗanda za a raba wa komar kamun kifi, sau uku sunan ƙarshe yana ɓacewa. Na baya-bayan nan Baba Tamada ne na Warra, ya biyo kwalekwale ya zo ya koma hannu rabbana. Shugaba ya ce da gangan nake yi, tunda Dauda, abokin aikina, bai taɓa rasa suna ba. An ba ni zuwa ƙarshen wata.

Na rubuta wa malamin nan na garinku da ya ƙirƙiro manhajar rubutun. Shafi guda na cika da gaisuwa, sannan na ce abinsa yana cin sunaye. Amsarsa tambayoyi ne zalla: me na danna, me na sa ran gani, me na gani, kuma zan iya sa ta maimaita? Raina ya ɓaci, amma zan gwada.

Ƙanwarka,
Asama'u

Yelwa, 19 ga Maris, 1990

Yaya Basiru,

Bayan gaisuwa, albishirinka! Na kama ɓarawon!

Kwana biyu na zauna bayan Dauda ina kallon yatsunsa, har ya tsargu. Ashe shi in ya gama layin ƙarshe yakan danna maɓallin sabon layi kafin ya adana. Ni kuwa da na saba da tafireta, in na gama sai dai in zare takarda, wa zai sake sauka layi? To duk layin da ba a sauka daga kansa ba, manhajar ba ta adana shi. Na gwada sau goma da dannawa, sau goma babu, na rubuta sakamakon kowanne.

Ga takardar nan a ciki, mataki-mataki, gaisuwar layi biyu kacal. Don Allah ka kai wa malamin hannu da hannu.

Ban jira amsarsa ba. Jiya na roƙi Shugaba ya zauna gaban kwamfutar da kansa, a gaban kowa, ya buga sunaye uku da yatsa ɗaya, ya sa nasa a ƙarshe. Muka adana, muka buɗe. Babu Shugaba! Ya daɗe yana leƙen gilashin kwamfutar, ya cire hula ya mayar, sannan ya tambaye ni a hankali ko akwai yadda za a yi a dawo da shi.

Ka gaya wa iyali ina nan kan kujerata.

Taka har kullum,
Asama'u