Ƙaramar Jif Ɗin da Na Zaɓa

Laraba da dare, unguwar Dogo Nini

Alhamdulillahi, yau an gama maganar mota. Na gaji tiɓis, amma raina fes.

Tun da gwiwar nan ta matsa mini, fita daga tsohuwar motata ya zama aiki, sai na dafa ƙofa ina nishi. Shi ya sa ɗana Bukar ya kai ni wurin dillali da safe. Shi idonsa na kan wata ƙatuwar jif baƙa. Na ɗaga ƙafa zan hau, na kasa. Kunya ta kama ni a gaban mutane.

Bukar ya rage murya ya ce, "Hajiya, ko dai a samo miki direba ki huta?"

Abin da nake tsoro ke nan. Shekara da shekaru ni nake kai kaina Nangere wurin Yaya Falmata, ba na jiran kowa. Na ce, "Bari dai in gwada waccan ƙaramar."

Kujerarta daidai ƙuguna, zama kawai na yi. Ina ganin hanya sosai, sitiyari ba nauyi. Makanikenmu da muka je da shi ya duba inji, ya ce kayan gyaranta ba sa wahalar samu a garin nan. Na zaga da ita cikin lungunan Hausari, na yi ribas ban taɓa komai ba. Bukar na zaune a gefena.

Da muka tsaya ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, sai ki sauke ni a gida."

Aka yi ciniki muka biya, na kai shi har ƙofa. Launin ne dai bai yi mini ba, ruwan toka. Zan saba.