Hannu Biyu na Laminu

Assalamu alaiki Yaya Hadiza. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya ƙara haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa ɗanki Laminu yana nan lafiya a hannuna a Tanout. Ni ce ba lafiya ba. Raina a ɓace yake, kuma ke kaɗai za ki gane dalili.

Kin tuna yadda kike ba shi abinci? Ba ki taɓa tambayarsa me yake so ba. Sai ki riƙe fura a dama, kunu a hagu, ya taɓa ɗaya. Kina cewa, "Laminu ba a sake shi a fili, hanya biyu ake nuna masa." Tun kafin likitan Damagaram ya gaya mana sunan larurar tasa, otism, ke kin riga kin san ɗanki.

To, lekol, makarantar bokon nan, ta sake shi a fili, Yaya. Mushen ajinsu, wato malaminsu, ya ba su aikin gida: me kake tunani game da zaman birni? Laminu ya zauna da kaye, littafin rubutunsa, a cinya tun la'asar, yana rausaya jiki gaba da baya, yana tauna fensir. Ya tambaye ni wace ce amsar daidai. Na ce kowace amsa daidai ce, sai ya fashe da kuka. Shi bai taɓa zama a birni ba, kuma ba zai rubuta abin da bai gani ba.

Washegari mushe ya rubuta masa "malalaci" da jan biro, ya sa shi durƙuso a rana, 'yan aji suna dariya. Malalaci! Yaron da yake gama lissafin rabawa kafin a goge allo! Sauran yaran kuwa, waɗanda ba su taɓa wuce tashar Tanout ba, sun kwafi labarin benaye daga juna, an ba su maki. Mu ne muke horon yaro ya sunkuyar da kai, kada ya buɗe baki gaban manya, sannan mu miƙa masa takarda mu ce ya zubo ra'ayi. Ni ma malama ce a lekol ɗin nan, na san tambayar tana da amfani. Amma wa ya koya masa ta inda ake shigarta?

Ranar Asabar na sa shi a mota muka je Damagaram. A tasha ya toshe kunnuwa, bai sauke hannu ba sai da muka baro gari. Da muka dawo na yi irin naki. Dama birni, hagu Tanout. Ya taɓa hagu. Na tambaye shi abin da ya fi damunsa a birni: dama ƙara, hagu cunkoso. Ya taɓa dama. Da kansa ya rubuta layi uku, kowanne gaskiya. Mushe ya ce ya yi gajarta. Na je wurin darakta na roƙi a riƙa raba masa tambaya gida biyu. Ya ce tsari ɗaya ne ga kowa, ko ɗago kai bai yi ba.

Sai ga mijinki, Malam Isuhu, ya ce tun da boko ya ƙi, a kai yaron can ƙauye, Tenhya, wurin baffansa ya yi kiwo. Kiwo ba abin kunya ba ne. Amma kin san Laminu, ko tabarmarsa aka sauya wa wuri ba ya barci. Na ce a dawo da shi ajina, ko da yake ƙasa yake da nasu, kuma a tambayi yaron irin tambayarki.

Malam Isuhu ya durƙusa a tsakar gida ya miƙa hannuwansa. Dama ajin Inna Ramatu, hagu Tenhya. Laminu bai dubi fuskarsa ba, kin san ba ya dubawa. Ya kama hannun dama, ya ƙi saki.

Zai yi asarar shekara guda ba da laifinsa ba, kuma wannan ban huce ba tukuna. Amma yana da ra'ayi, Yaya. Dama can yana da shi.

Allah ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya raya mana Laminu, ya ba ni sanyin hannunki.

Ƙanwarki mai kewarki,
Ramatu