Akuyar Yaya Famau

Zuwa ga Yayana Famau,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aikin tashar jirgi, ya zafin Mombasa? Ya ƙafar Anti Tima?

Saƙonka ya iso, kuma amsata a'a ce. Ba zan daina ɗaukar baƙi a kwale-kwale ba, ba kuma zan jingine allon da nake tsayawa a kai ina tuƙi ba. Hanya ɗaya ce ke kaiwa tsibirin kangon tsohon gari, ita ce ta gaban shingen kifin su Baba Lali. In an hana ni ita, an hana ni sana'ar da nake ciyar da 'ya'yana tun rasuwar ubansu.

Baba Lali ya tare ni a mashigar ruwa, wai inuwar mace a tsaye kan ruwa ce ta kore musu kifi bana. Na ce, "Baba, matan Turawan da ke bayana fa, su ba su da inuwa?" Ya ce, "Su baƙi ne, ruwa bai san su ba. Ke ya sani, marar kunya." Wallahi dariya ta kusa jefa ni ruwa, amma na kwana da ɓacin rai. Mutumin nan shi ya raɗa mini suna.

Dattawa sun yanke hukunci a yanka baƙar akuya a wanke ruwan, ni kuma in riƙe wuyanta in ce na tuba. Ban ga laifin da na yi ba, Yaya.

Ƙanwarka,
Mwanakombo

Yaya Famau,

Ina gaishe ka da iyali, Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai haushinka da nake ji.

Ashe da gaske ka aiko da akuyar? Direban mota ya ɗaure mini ita a ƙofar gida, wai in ji ka in rufa wa zuri'a asiri. Na san don kana sona ka yi, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

To ga abin da na yi da ita. Ranar yankan, dattawa na zaune a gindin kuka ana wasa wuƙa, na ɗaure ƙafafunta na kwantar da ita a gaban allona. Na miƙe tsaye, na bi ta gaban shingen a hankali, tana ta ɓarka kuka. Baba Lali ya taso har ruwa ya kai masa gwiwa yana ihu, "Ke Mwanakombo, dawo da akuyar mutane!" Na ce, "Ta yayana ce, Baba, yawon buɗe ido za ta!"

Na sake ta a tsibirin, tana kiwo a bayan tsohon masallaci. Ka san masu gadin kangon ba sa yarda a zubar da jini a wurin, don haka babu mai taɓa ta.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya zo da tsada. Babu mai sayar mini da kifi yanzu, wake da kwakwa muke ci. Jiya na gaishe da Baba Lali sau biyu, ya kau da kai, na shige cikin itatuwan bakin ruwa na yi kukana ni kaɗai.

Kada ka sake aiko da wata. In kana son taimakona, zo da kanka ka zauna a gaban kwale-kwalena, mu wuce shingen tare suna kallo. In ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a rai ba. Gobe idan ruwan teku ya cika ina da baƙi, kuma ta gaban shingen zan bi.

Taka har kullum,
Mwanakombo