Muryar Mama a Layin Ƙarshe

Hailuoto, farkon Nuwamba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin Lund bai kai namu ba. Mu nan duhu kan riga mu isowa gida daga makaranta. Kaka Helvi tana gaishe ka. Gaskiya ba ta ce in gaishe ka ba, amma ta tambaya ko kana cin abinci.

Baba, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba zan iya faɗa maka a waya ba, don in na ga fuskarka sai bakina ya mutu, shi ya sa na sayi ambulan na rubuto maka. Kiran da ban yi maka ba ran Talata da ran Alhamis, ba ciwon kai ne ya hana ni ba.

Ka san tun watan Agusta Mama ta bar asibitin Oulu tana aikin jinya daga gida. Marasa lafiya su kira, ta saurare su, ta ce su sha magani ko su tafi asibiti. Aikin yamma take yi, a ƙaramin ɗakin da kake ajiye kayan kamun kifi a da, kuma ta kwamfutar ofishinsu kiran ke shigowa. To kiran yankewa yake yi. Ta bango nake jiyo ta: "Kina jina? Sake faɗa, baiwar Allah. Zafin jikin nasa ya kai nawa?" In ta tashi daga aiki sai ta zauna a kicin da kofin gahawa har ya huce.

Na lura ba ya yankewa sai lokacin da nake kiran bidiyo da kai. Da farko na ce ko zato ne kawai, sai na gwada. Ranar da kake nuna min sabon kekenka, na kashe na ce maka caji ya ƙare. Nan take Mama ta daina cewa "kina jina". Na sake kiranka, ta koma. Na gwada har na gaji da gwadawa.

Makon jiya wata mata ta kira, jaririnta yana numfashi da ƙyar. Mama ba ta ji rabin maganarta ba. Matar ta kashe ta kira motar asibiti da kanta. Jaririn ya warke, amma ta kai ƙara. Shugabar su Mama ta ce in layin bai gyaru ba kafin Kirsimeti, Mama ta koma amsa kira a ofis a Oulu. In ta tashi aiki can, dare ya yi, babu jirgin fito na dawowa tsibirinmu. Ba wanda zai yi wa Kaka allurarta ya kwana da ita. Mama ta ce in haka ne sai dai ta ajiye aikin.

Ranar jaririn nan, da kai nake magana.

Kai ka haɗa baƙin akwatin intanet da ke bayan ƙofa kafin ka tafi, kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa. Me ke cikinsa, Baba? Don Allah kar ka kira Mama a kan wannan.

Ka huta lafiya.
Taka,
Onerva

Lund, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga 'yata Onerva,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, wasiƙarki ta iso. Rabon da a aiko min takarda da rubutun hannu har na manta. Rubutunki ya yi kyau, ya fi nawa nesa. Ina cin abinci, ki gaya wa Kakarki, ko da yake burodinsu na nan zaƙi gare shi kamar na yara.

Da farko, ba ki da laifi a maganar jaririn nan. Ki cire wannan daga ranki.

Kin tambayi abin da ke cikin akwati. Aikina ke nan shekara da shekaru, bari in yi miki bayani. Duk abin da ke fita daga gidan ta intanet, murya ko hoto ko rubutu, yayyanka shi ake yi ƙananan ƙunshi, su bi ta eriyar da ke kan rufi zuwa dogon ƙarfen da ke ƙetaren ruwa. Hanyar siririya ce, ba ta ɗaukar su duka a lokaci guda, don haka layi suke bi. Ki tuna bakin jirgin fito: akwai layin motocin masu takardar shiga gaba, akwai layin sauran jama'a. Sai na gaba sun gama shiga ake kiran na baya. A akwatin nan layi uku ne. Ƙunshin da ya daɗe yana jira, zubar da shi ake yi. Rubutu ba ya damuwa da jira, sai a sake aiko shi. Murya kuwa in ta makara ta mutu, wannan ne yankewar da kike ji.

Wayarki da maɓallin neman agaji da ke hannun Kakarki suna layin gaba. Kwamfutar mamanki tana rufe duk abin da take aikawa saboda sirrin marasa lafiya, akwatin ba ya gane murya ce a ciki, sai ya jefa ta layin ƙarshe tare da talabijin. Ba wanda ya shirya mata haka.

Ainihin matsalar ita ce hanyar tsibirin ta yi wa gidan kaɗan. Na faɗi haka tun kafin a haife ki, ba wanda ya saurare ni. Ofishinsu ne ya kamata ya ja mata nata layi daban, ta rubuta musu. Akwatin kuma ba abin wasa ba ne, in aka taɓa ba daidai ba maɓallin Kaka zai daina aiki. Ki bar shi sai na zo Kirsimeti.

Kada ki daina kira. Da rana kina makaranta ina ofis, yamma kaɗai gare mu. Ran Alhamis na dafa taliya na jingina wayar da tulun gishiri, har abincin ya yi sanyi.

Ki gaida mutanen gida.
Mahaifinki,
Teuvo

Hailuoto, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Babana,

Ina gaisuwa. Na gode da bayanin, na karanta har na gane. Ka yi haƙuri da taliyar.

Mama ta riga ta rubuta wa ofishinsu tun tuni. Sun ce sai ƙanƙara ta narke za a iya haƙa ramin sabon layi. Kirsimeti kuma da ka ce, ai kafin nan shugabar ta yanke magana.

Ran Asabar Kawu Pentti ya zo da tsani. Shi ya haƙiƙance eriya ce ta karkace. Ya hau rufi cikin dusar ƙanƙara yana juya ta, yana ihu: "Marjukka! Ya gyaru?" Mama ta leƙa ta taga ta ce, "Ya za a yi in sani, Pentti, ba wanda ya kira!" Kaka ta ce, "Ku sauko min da yaron nan, shi kaɗai ne ɗana namiji, duk da ba wani amfani yake yi min ba." Kawu shekararsa hamsin da wani abu.

Da muka zauna shan miyar kifi, Kawu ya ce, "A jefa akwatin nan a teku a sayo sabo mana."

Mama ta ce, "Ka taɓa shi in karya maka hannu. Maɓallin Inna ta cikinsa yake bi."

"To kira injiniyan naku."

"In kira shi ya yi min lacca? Kai ka kira shi."

Kaka ta juyo ta ce min, "Ke 'yar shiru-shiru, ba ke ce ta hannun damansa ba? Ko kun ɓata? Kwana biyu ba na jin dariyarku."

Na ce darussa sun yi yawa. Na tashi na wanke kwanuka.

Ba zan iya faɗa wa Mama ba. In ta ji wayata ce a gaba ita a baya, cewa za ta yi da gangan ka yi. Sai ta ce in gaya maka kaza, kai ma ka ce in gaya mata kaza, kamar bara. Na gaji da kai saƙo, Baba. Ko a makaranta barci nake ji.

Ran Talata na kira ka saboda taliyar nan, ka gani ai, ban daɗe ba. Ko a ɗan wannan lokacin sai da na ji Mama tana ba wani tsoho haƙuri. Da ta fito ta ce wa Kaka ta fara neman aikin shara a makarantarmu, wai aƙalla tsintsiya ba ta yankewa. Dariya ta yi, Kaka ba ta yi ba.

Akwai abin da ban gane ba. A bakin jirgin fito, in masu takarda sun yi yawa, ma'aikacin nan mai riga ruwan lemo yakan tsayar da su ya bar na baya su ɗan shiga. Me ya sa akwatinmu ba ya yin haka? Ba a iya sa masa ne?

Ka aiko min da kalmar sirrin, don Allah. Zan bi duk abin da ka rubuta, ba zan taɓa na Kaka ba.

Sai na ji daga gare ka.
Onerva

Lund, farkon Disamba

Onerva 'yata,

Ina gaishe ki. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyu suna kwandon shara.

Ana iya sa masa. Duk wanda ya shiga aikin nan, abin da ake fara koya masa ke nan: layin gaba a sa masa iyaka, in ba haka ba zai cinye hanyar ya bar na baya ba komai. Ni da kaina nake koya wa sababbin ma'aikata wannan. A makon da nake haɗa kayana zan tafi, na zauna bayan ƙofar nan na cire wa wayarki iyaka. Tsoro na ji. Na ce in hoto yana tsayawa, murya tana yankewa, wata rana za ki gaji ki daina kira. Lokacin mamanki tana aiki a asibiti, talabijin kaɗai zai sha wahala.

Da kika gaya min a watan Agusta ta fara aiki daga gida, na tuna da akwatin. Na yi shiru. Na ce wa kaina ai za su ja mata layi. Abin da na rubuta miki wancan karon duk gaskiya ne, amma na bar wannan a waje.

Kalmar sirrin tana ƙasan takarda, da yadda za ki shiga, mataki-mataki. Maɓallin Kaka ki bar shi inda yake, abin da yake aikawa bai taka kara ya karya ba. Ga shawarata: ki kai kwamfutar mamanki layin tsakiya tare da wayarki, ki zaɓi rabo daidai. Akwatin zai riƙa ɗaukar nata, ya ɗauki naki, bi da bi. Hotona zai ɗan dushe, amma za mu ga juna, ita ma ya kamata ta ji masu kiranta. Ina ganin zai isa. Ban tabbata ba, na daɗe ban auna hanyar ba.

In kin ga dama ki nuna mata wannan wasiƙa. In ba ki so, ni zan gaya mata in na zo. Bai kamata a ce ke kike ɗauke da wannan ba.

Ki kula da kanki, ki riƙa barci da wuri.
Baba

Hailuoto, tsakiyar Disamba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Na gode da ka faɗa min.

Na shiga akwatin ran Lahadi, lokacin da su Mama suke sauna, ɗakin wankan tururi. Na yi rabo daidai yadda ka ce. Ran Talata da muke magana na saurari bango. Ya ragu, amma bai daina ba, kalma na faɗuwa nan da can. Na ji ta ce wa wani ya maimaita sunan maganinsa.

Washegari na koma. Na kai kwamfutar Mama layin gaba kusa da maɓallin Kaka, na kai wayata layin ƙarshe wurin talabijin. Shi ya sa ran Alhamis fuskarka ta yi ta tsayawa da bakinka a buɗe. Ba lalacewa ba ce. Tun ranar kiran Mama bai yanke ba ko sau ɗaya, shugabar ta ce ta ci gaba daga gida.

Kawu Pentti ya sake hawa rufi a makon, don haka kowa ya ce shi ya gyara. Mama ta gasa masa burodi mai kirfa, shi kuma yana ta yawo a kanti yana ba da labarin eriya. Na bar su a haka. Wasiƙarka ban nuna ba, kuma in ka zo kar ka tayar da maganar. Gidan ya yi shiru yanzu, ina so ya zauna haka.

Zan ci gaba da kira Talata da Alhamis. In hoto ya tsaya kar ka kashe, Mama ce take da mara lafiya. Ka ci abincinka, in ta gama zan dawo.

Na canja kalmar sirrin. Ba fushi nake yi ba. Na san in ka zo ka ga akwatin hannunka zai yi ƙaiƙayi.

Sai ka zo. Ka taho da safar hannu mai kauri.
Taka,
Onerva