Iyakar da Na Keta

Ya ke sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa!

Yau kwana tara ban ji muryarki ba. Jiya a shago sau uku ina auna katako, amma na yanke shi a karkace. Wane kafinta ne zai yi aiki zuciyarsa tana wani gida?

Kin tuna bencin nan na ƙofar kantin maganin da kike aiki, inda kika koya mini wasan cin ƙasa a waya? Ke koriya, ni ja. Ina tura sojojina gaba ɗaya, ana cinye ni, kina dariya har da hawaye. Ke kika nuna mini in riƙa barin rabi a gida, kada in buɗe yaƙi biyu, in ƙulla amana da maƙwabci. Na ƙulla da ke. Wata biyu iyakarmu a buɗe, babu mai gadi.

Sai ranar nan a falonku, muna bugawa da Yayanki. Ya auko miki ta arewa, kika kwashe sojojinki kaf kika tare shi, kika bar bayanki a hannuna. Ni kuwa na ga ƙofa a buɗe, na shiga, na haɗiye ƙasarki. Har da tafi na yi! Wayyo ni, ina hankalina ya tafi? Kika kife wayar, kika dube ni kamar baƙo, kika shige ɗaki.

Da farko na ce ai wasa ne. Sai da ƙanwarki ta faɗa mini abin da kike tsoro: wanda ya ci amana don taswirar waya, me zai yi ranar da babban abu ya gifta? Har yanzu amsar nake nema, ya farin watana.

Kawu yana tambaya ko zuwansu wajen Abbanki ranar Asabar yana nan. Me zan ce masa? Na roƙe shi ya dakata, don ba zan turo manya kina shakkata ba.

Ki kira ni ki yi mini faɗa, zan saurara. Shirun nan ne yake cina kamar gara.

Naki ne ni, ko kin amsa ko kin ƙi, har ranar da za a miƙe ni a ƙasa,

Kafintanki