Tiyar Alhaji Ta Kai Ni Gaban Alƙali

Hajiya Saratou, don Allah ki taimake ni, ranar Talata ake nemana a kotun Magariya.

Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko. Shekara uku ke nan da na buɗe shafin barkwanci a Fesbuk, muna buga labaran da kowa ya san ƙarya ne: jakunan Yekuwa sun tafi yajin aiki, rijiyar Guci ta nemi a yi mata canjin gari. A saman shafin ma na rubuta cewa duk wanda ya yarda, shi ya so. Da mutane suka yi yawa sai na bar kowa ya saka nasa, ba na dubawa.

Watan jiya ina Damagaram wajen taron malamai, wani mai kiran kansa Ɗan Kallo ya rubuta cewa likitoci sun duba tiyar Alhaji Mainassara, mai sayen wake a Mallawa, sun gano in yana saye tana kumbura, in yana sayarwa tana azumi. Da sunansa da hoton rumfarsa. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Sai bayan kwana huɗu na goge. Kafin nan labarin ya tsallaka har Najeriya. Manoma suka riƙa zuwa masa da tiyarsu daga gida, an kuma fasa ba shi limancin masallacin kasuwa.

Ya kai ƙara. Ya aiko cewa in na faɗi wane ne Ɗan Kallo zai janye. Hajiya, Ɗan Kallo matata ce, Hinda. Na gane ne don a rubutun akwai kuskuren da take yi kullum. Da na tambaye ta, ta amsa ba tare da ta daina tankaɗe ba. Ta ce shekara goma mahaifiyarta na kai masa wake tana dawowa da mamaki. Ko gaskiya ne ban sani ba, ban taɓa auna tiyar kowa ba. Ta ce in faɗa, ba ta jin tsoro. Ni ina ji. Ga aikina, ga goyo a bayanta. In rufa mata asiri in ɗauki laifin, ko in faɗa?

Mai Shafi, Magariya

Malam, jakunan Yekuwa ba su da suna a gari, Alhaji yana da shi. Nan ne wasanku ya ƙare. Rubutun saman shafi ba ya wanke mutum in mai karatu ya yarda, kuma ka ga sun yarda. Kwana huɗun nan ma za a tambaye ka.

Ni ba lauya ba ce. Ka nemi lauya kafin Talata, ka gaya masa komai har da sunan Hinda, shi zai faɗa maka abin da doka ta ɗora wa mai shafi da abin da ta ɗora wa mai rubutu. Kada ka yi wa alƙali ƙarya, kada kuma ka ce kai ka rubuta. Sunanta ba kayan ciniki ba ne, amma ba yarinya ba ce da za ka yanke mata. Ku je wurin lauyan tare.

Ka sami dattijon da Alhaji yake jin kunyarsa ya shiga tsakani. Ka ba da haƙuri a shafin, da sunanka, ba barkwanci ko ɗaya a ciki. In surukarka tana da ƙorafi na gaske, sarkin kasuwa yana nan, a auna a gaban shaidu. Mai yiwuwa tana da gaskiya, mai yiwuwa an zalunci bawan Allah. Daga yau kuma kada rubutu ya fita sai ka karanta.

Allah Ya sassauta, Ya raya abin goyo, Ya bar ku tare.