Abin Da Ya Cije Kik Ɗin Basfar Baba

Gummi, Yuli 1983

Zuwa ga aminina Labbo bakanike, Anka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali da ta aiki, ina shaida maka Basfar Baba ta iso Gummi, amma wallahi raina a ɓace yake. Fenti dai ya yi kyau, har maƙwabta sunka fito kallo. Na hau, na taka kik, sai ya cije kamar an yi masa walda. Na sake takawa da ƙarfina duka, ƙafa ta zame, na ɗaye ƙauri gaban mutane.

Labbo, tun da Baba ya faɗi da ita Allah ya yi masa rasuwa injin nan ke watse, kuma kai kaɗai na yarda ka haɗa shi. To ka gaya mani gaskiya. Ko aikinka ne bai yi ba, ko ƙanena Shitu da ya karɓo ta hannunka ya yi mata wani abu. Ka san tun ranar rabon gado da ta faɗo rabona fuskar yaron nan ba ta sake da ni ba. Ni zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Ka ba Ɗanmusa direba amsa. Ka huta lafiya.

Naka, Muntari.

Anka, Yuli 1983

Zuwa ga Muntari sarkin gaggawa.

Wa'alaikumus salam. Iyali lafiya lau, suna gaishe ka. Allah ya ba ƙauri lafiya.

Kai, Muntari! Ni za ka ce ma aikina bai yi ba? Fistin sabo na sa, da ringi, da kuloci. Gabana Shitu ya taka ta, taku guda ta tashi, ya hau abinsa har Bukkuyum. Daga gidan Innarku ne anka ɗora ta motar kasuwa, don laka ta ɓata hanyarku. Ban ga mugun nufi ga fuskarsa ba, murna ma yake yi yana shafa sirdi.

Yanzu ka saurara. Ka daina tsalle bisa kik ɗin nan kamar mai sussuka, za ka cinye mani haƙoransa. Ka fara cire fulogi ka taka a hankali, ko ruwa ya shige ta a mota. In bai sake ba, ka damƙe kuloci ka taka. In ya tafi ƙasa, to kik lafiyarsa lau, injin ne wani abu ya riƙe. Sai ka kwance murfin fanka na gefen dama, ka juya fankar da hannu ka gani. Kada ka sa guduma, don na san halinka.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Labbo.

Gummi, Agusta 1983

Zuwa ga Labbo.

Salamu alaikum, da fatan kana lafiya. Ka yafe mani abin da na ce kan aikinka, hannunka fes yake.

Na cire fulogi, babu ruwa. Na damƙe kuloci, kik ya tafi sumul. Da na kwance murfin fanka, Labbo, sai ga abin da ya riƙe injin. Laya ce! Sabuwa fil, ɗinkin jan fata, an cusa ta ciki ta maƙale tsakanin fanka da murfi. Ina zare ta, taku guda Basfa ta tashi. Amma na kashe ta, ban hau ba. Wa zai hau abin da anka yi wa sammu? So ake in bi Baba ta hanyar da ya bi.

Ban yi sanya ba, ranar Juma'a na shiga mota sai Bukkuyum. Ko gida ban shiga ba. Ana sallame salla na tare Shitu gaban Liman da dattawan unguwa, na aje layar. Na ce shi dafa Alƙur'ani shi rantse bai san wanda ya sa ta ba. Ka san mi ya yi? Sunkuyar da kai ya yi, ya ce ba zai rantse ba. Liman ya tambaye shi dalili, ya ce ba shi da ta cewa. Mutane sunka kama salati.

Wace shaida kuma nake nema? Na faɗa masa gaban kowa, ni da shi sai dai a lahira.

Naka cikin baƙin ciki, Muntari.

Bukkuyum, Agusta 1983

Zuwa ga Yaya Muntari.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, daga ƙanwarka Hure. Ina fatan su Saudatu da yara suna lafiya.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ka yi abin kunya. Ka zo garinmu, ka wuce ƙofar Inna ko leƙe babu, ka je ka tozarta ɗan'uwanka gaban masallaci. Yanzu in ya shiga kasuwa, matsawa ake yi nesa da shi a benci. Masu ba shi dillancin gero sun janye.

Inna ce ta sa layar. Tun da ta ji an tada Basfar nan take kuka, tana cewa ta ci mata miji, ba za ta ci mata ɗa ba. Awakinta ta kora wajen Modibbo, malamin ruga, ya rubuta maka tsari. Ta san in ta ba ka a hannu, dariya za ka yi ka jefa aljihun wata riga. Da safen da za a ɗora Basfa mota, ta ga wata kafa gefen injin, ta tura layar da tsinken tsintsiya har ta ɓace. Ina ruwan Inna da fanka? Shitu ya fito ya gan ta, ta ce kada shi faɗa ma kowa, don Modibbo ya ce a ɓoye.

To da wane baki zai rantse bai sani ba? Kuma da wane baki zai kira sunan Inna gaban maza, bayan ka riga ka ce sammu ne? Shi ya sa ya yi shiru. Ko Inna bai gaya mata abin da ya faru ba, sai bakin mai tallan nono ta ji. Tun ranar abinci ba ya shigar mata.

Allah ya huci zuciyarka. Taka, Hure.

Bukkuyum, Satumba 1983

Zuwa ga Yaya.

Ina gaisuwa. Ɗanmusa ya sauke mani Basfa, ya ce ka ce kyauta ce, in yi haƙuri. Na gode, amma ga ta nan na maido, taka ce. Ban taɓa son ta fiye da kai ba.

Ba a zaure ka kira ni mai sammu ba, Yaya, gaban masallaci ne. In kana da magana, ka zo ka faɗe ta can, kuma kada sunan Inna ya fito bakinka. Ranar Juma'a ina nan bayan an sallame.

Ƙanenka, Shitu.